Kurakuran da ke hana magidanci fita daga bashi, da yadda za a gyara su

Tun da aka sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lissafin gidaje da yawa a Arewa bai sake daidaita ba. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta tsallake 1,000. A tsakiyar shekarar hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a watan Yulin 2024, a lokacin da buhun shinkafa ɗaya ke iya lashe shi gaba ɗaya. Don haka wanda bashi ya yi wa katutu a waɗannan shekaru ba lallai ne almubazzari ba, kuma dama Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sai dai za ka ga maƙwabta biyu masu samu iri ɗaya, ɗaya yana ragewa a hankali, ɗayan kullum ƙara nutsewa yake. Bambancin nasu yawanci yana cikin 'yan abubuwan da ke ƙasa.

Rashin sanin adadin abin da ake bin ka

Ka tambayi mai bashi nawa ake bin sa, sai ya ce "ai da ɗan dama." Ya san na banki domin ana cira daga albashi. Na mai shago, na mai nama, na ƙanin matarsa, na adashin da ya riga ya kwasa, da ragowar kuɗin makarantar zangon da ya wuce, duk suna yawo a kansa ba a haɗa su wuri ɗaya ba. Wasu da gangan suke gudun haɗawa saboda fargabar abin da za su gani.

Ka samu littafi guda, ka rubuta sunan kowane mai bin ka, nawa ne, yaushe ka yi alƙawarin biya, kuma yana ƙaruwa da ruwa ko ba ya ƙaruwa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma har yanzu muna jin nauyin ce wa ɗan'uwa "mu rubuta." Ka kuma nuna wa iyalinka inda littafin yake, domin idan ta Allah ta kasance bashi ake fara cirewa kafin a raba gado.

Ɗaukar abin da aka san zuwansa kamar na ba-zata

Wannan shi ne babban ramin, kuma a nan ya kamata a fi daɗewa. Mafi yawan abin da ke tura magidanci neman rance ba haɗari ba ne ba kuma gobara ba. Kuɗin haya ne, wanda ranarsa ke rubuce tun bara. Kuɗin makaranta ne, sau uku a shekara. Azumi ne da kayan Sallah, sai Babbar Sallah bayan kamar wata biyu da kwana goma. Haihuwa ma wata tara take ba da sanarwa. Amma sai a zauna ana kashe albashi kamar duka na watan ne, ranar da mai gidan haya ya aiko sai a tashi neman wanda zai taimaka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu ɗauki misali. Mutum yana samun naira 150,000 a wata. Hayarsa 240,000 a shekara, kuɗin makarantar yara 30,000 kowane zango, wato 90,000, hidimar azumi da Sallah biyu kuma mu ce 150,000. Jimilla 480,000. Idan aka raba gida goma sha biyu, 40,000 ke nan a kowane wata. Ashe abin da yake da ikon kashewa a wata 110,000 ne. Duk watan da ya cinye 150,000 cif, ya ci bashin 40,000 ko da bai je wurin kowa ba, lokacin biyan ne kawai bai zo ba.

Gyaran shi ne a cire wannan kason ranar da kuɗi suka shigo, kafin cefane, kafin komai, a ajiye shi inda hannu ba ya saurin kaiwa: asusun banki na daban da ba a karɓar masa katin ATM ba, ko ƙungiyar adashin ma'aikata da ke cira tun daga albashi. Ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu da ba shi da albashi sai ya raba jimillar a kan ranakun da yake fita aiki, ya riƙa warewa kullum da yamma. Idan lissafin ya nuna ba zai yiwu ba, to gara a sani yanzu, a nemi gida mai sauƙin haya ko a sauya wa yara makaranta tun kafin zango ya shiga.

Biyan bashi da wani bashin

Manhajojin rance na waya sun sauƙaƙa wannan kuskuren ƙwarai. Mu ce ka karɓi 20,000 a kan za ka mayar da 24,000 bayan mako biyu. Dubu huɗu ba ta yi kama da wani abu ba. Amma idan ranar biya ta zo ka ranto daga wata manhajar ka toshe, ka ci gaba da juyawa haka har shekara, ka biya 104,000 na ruwa kawai, uwar kuɗin kuma tana nan ba ta motsa ba. Ga haramcin riba a kai, ga tozarci: waɗansu manhajojin sun yi ta tura saƙo ga mutanen da ke cikin wayar wanda ya ci bashin suna kiransa ɓarawo, har hukumar kare masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu a 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan waya a 2023. Wanda aka yi wa irin wannan cin zarafi yana da damar kai ƙorafi wurin hukumar. Bashin kuma yana nan a kansa, sai ya biya.

Ko rancen katin waya ba kyauta ba ne. Ka ranci na naira 100 a ba ka na 85, a cire 100 idan ka saka kati.

Wani kuma yana ganin idan ya sauya banki ya tsira. Tun watan Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara tsarin GSI, wanda ya ba banki damar cire bashinsa daga sauran asusun mutum a wasu bankuna ta hanyar lambar BVN, idan ya sa hannu a kan hakan lokacin karɓar rancen. Don haka kada ka ba kowa BVN ɗinka ya ci bashi da sunanka, ko ɗan ɗakinku ne, kuma kada ka tsaya wa wani a kan kuɗin da ba za ka iya biya daga aljihunka ba.

Mataki na farko shi ne rufe ƙofar sabon rance gaba ɗaya. Sai a jera biyan. A ganina wanda ke haihuwar ruwa shi ne na farko, domin kowane mako girma yake. Na biyu na masu ƙaramin jari: mai shagon unguwa, mai itace, matar da ke sayar da manja a cikin gida. Dubu biyar ɗinka tana iya zama rabin jarinta. Sai na 'yan'uwa masu hali da za su iya jira, su ma da rana tsayayya. Idan akwai kadarar da za a sayar a kashe mai ruwan, a sayar da wayar alfarma ko filin da ba a amfani da shi, a bar keken ɗinki da babur ɗin da ake neman abinci da su.

Ɓuya ga mai bin ka

Kashe waya, sauya hanyar masallaci, aika yaro ya ce "ba ya nan." Wannan ne ke mayar da bashi ya zama gaba da ƙiyayya. Yawancin masu bin bashi za su haƙura da jinkiri, rainin hankali ne ba sa jurewa. Ka je da ƙafarka kafin ranar ta cika, ka ce: "Alhaji, ban manta ba. Ba zan iya kawowa gaba ɗaya ba, amma ga dubu biyar, kuma kowane ƙarshen wata zan kawo irinta har mu gama." Ka faɗi adadin da ka tabbata za ka iya, ko ya yi kaɗan. Addini ya umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci, ya kuma kira jinkirin mai hali zalunci. Wanda bashi na halal ya fi ƙarfinsa da gaske yana cikin mutane takwas da zakka ta halatta gare su, kuma babu abin kunya a neman ta.

Kasafin mutum ɗaya a gidan mutum goma

Maigida ya zauna shi kaɗai ya tsara, ya yanke kuɗin cefane yadda yake tun shekara biyu da suka wuce, ya ajiye a kan tebur ya fita. Uwargida ta duba: kwanon shinkafa ya tashi, man gyaɗa ya tashi, kayan miya na ɗari biyar ba sa rufe gindin tukunya. Ba ta son rigima, sai ta aika yaro shago da saƙon "a rubuta." Mai shago ya buɗe shafi da sunan gidan, yau magi da omo, gobe taliya biyu, jibi sukari. Ranar da ya tare maigida a ƙofar gida da littafin, faɗa ya tashi a kan kuɗin da a cikin cikin yaransu suka shiga.

Ku zauna tare. Ita ta san kwano nawa gidan ke ci a mako da kwana nawa gas ko gawayi ke yi, kai ka san abin da ke shigowa. Mutum ba sai ya tona duk sirrin aljihunsa ba, amma matar da ta san ana bin mijinta dubu ɗari uku za ta yi tattali dabam da wadda ke zaton rowa yake yi. Mai mata fiye da ɗaya ya yi bayanin iri ɗaya a kowane ɗaki. Kuma kada a matse kasafin har ya zama ba nama ba sabulu mai kyau ba ko sisin kati, irin wannan ba ya kai mako uku. A sake duba shi duk wata, tunda farashi ba ya tsayawa. Hatsin da gida zai ci, idan da hali, a saye shi da kaka lokacin da masara da gero suka fi sauƙi, amma da kuɗin hannu.

Adashi da biki

Adashi abu ne mai kyau, sai dai mutane na mantawa cewa wanda ya yi kwasar farko bashi ya ci, zai yi ta zubi har zagaye ya ƙare. Kuskuren shi ne shiga uku ko huɗu a lokaci guda, a kwashi wannan a zuba wancan. Guda ɗaya ya isa, a roƙi uwar adashi ta sa kwasarka ta faɗo a watan haya ko na komawa makaranta.

Sai hidimar da kunya ke jawowa: anko a kowane biki, lefen da ya fi ƙarfin ango, kayan ɗakin da uba zai shekara biyu yana biya, gudummawar da mata ke rubutawa a littafi don a mayar da abin da ya fi. Zumunci wajibi ne, amma a ware masa adadi a wata, idan ya ƙare a je da ƙafa da addu'a. Layya ma malamai sun bayyana cewa a kan mai hali take. Haka taimakon dangi: ka yanke abin da za ka riƙa ba iyaye da ƙanne, ka sa shi cikin kasafin tun farko, domin kada kowane kira ya rushe maka wata.

Neman hanyar da za ta biya komai dare ɗaya

Wanda bashi ya matsa shi ne abincin 'yan damfara. MMM, wata harkar zuba kuɗi ta intanet mai alƙawarin riba mai yawa, ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016, irinta CBEX ta yi haka a Afrilun 2025, kuma a tsakaninsu an yi wasu da dama. Cacar ƙwallo ita ma haka take cinye na cefane. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata guda, ka riƙe abinka. Ƙarin samu na gaskiya ƙanana ne: koyarwa da yamma, ɗinki, kiwon kaji ko awaki a bayan gida, kuma ribar ta tafi kai tsaye wurin bashin da ke saman jeri.

Sakin jiki bayan an gama

Da yawa suna gama biya sai su koma kashe kuɗin da suka saba bayarwa, ciwo ɗaya ya sake mayar da su wurin mai rance. Idan dubu ashirin kake biya duk wata, ka ci gaba da cire ta a ranar da ka saba, ka zuba a asusun da ba shi da kati. Ka fara da burin tara cefanen wata ɗaya, sannan na wata uku, kuma ku yi yarjejeniya da uwargida tun yanzu a kan abin da zai sa a taɓa su: asibiti, tsayawar aiki, ko gyaran abin sana'a.