Yadda Za Ki Shiga Ƙungiyar Ɗinki a Mai Wurno ta Ƙasar Sudan

1. Ki je wurin uwar ƙungiyar unguwarku da ƙafarki, kada ki aiki yarinya. Bayan la'asar ya fi, zafi ya ɗan lafa. Ki durƙusa ki gaishe ta: "Inna, na zo koyon ɗinki ne."

2. Tambayi kuɗin sanduk, wato adashen da ake zubawa. Daga nan ake sayen zare da man keke.

3. Kawo almakashi, tef ɗin awo, allura da tsohon zane. Sabon yadi ki bar shi a gida tukuna.

4. Ranar farko ba za ki taɓa zare ba. Za a ɗora ki kan keke, Singer ko Butterfly, ki yi ta taka feda allura na huda takarda har layi ya miƙe. Ƙafa ta ruɗe, keke ya koma baya. Kowa ta sha wannan dariyar.

5. Daga nan sai kalmasa bakin tob, wato lafayar da matan Sudan ke naɗawa. Tsawonsa ya haura mita 4, hannu zai faɗa. Arragi, wato gajeriyar rigar maza, da jallabiya sai daga baya, musamman gab da Sallah da aiki ke yawa.

6. In ranar dafa jabana, wato gahawa, ta zagayo kanki, kada ki manta citta.