Kafin ka sayi tsohuwar fowil, ka leƙa ƙarƙashinta

Jama'a duk mai niyyar sayen tsohuwar mota fowil, wato mai ja da ƙafa huɗu, don Allah kar arahar kuɗin saye ta ruɗe shi, wahalar tana wajen riƙo ne.

Ni dai a ganina Land Cruiser 80 ɗin nan na 1990 zuwa 1997 mai injin dizal 1HZ lita 4.2 ba ta da na biyu wajen juriya, babu tarkacen lantarki da yawa, kusan duk makanike ya san ta, sai dai fa ba ta da gudu kuma tana shan mai ba wasa, sannan bel ɗin taimin kar ka bari ya wuce kilomita 100,000 ba a canza ba. Range Rover P38 kuwa daɗin zama kamar kana falo, amma ranar da balan-balan ɗin iskar ƙafafunta suka fara yoyo za ka wayi gari ka tarar ta durƙusa, gyaran kuma ba na kowa ba ne.

Kowacce za ka ɗauka, ka kwanta da tocila ka ƙwanƙwasa shasin, in tsatsa na zubowa ka haƙura kawai. Ka kuma sa ƙaramar giyar fowil ɗin a kan yashi ka tabbatar tana shiga tana fita.