Yadda Ake Saita Fokas da Ƙofar Haske na Lensin Hannu a Kan Kyamarar Zamani

Idan aka ɗora tsohon lensi na zamanin fim a kan kyamarar yau ta hanyar adafta, babu wani bayani da yake wucewa tsakaninsu. Kyamarar ba ta san tsawon lensin ba, ba ta san lambar da zoben ƙofar haske yake kai ba, kuma ba ta da ikon juya komai a cikinsa. Abin da kawai take iya aunawa shi ne hasken da ya iso kan sensa a wannan lokacin. Kusan dukkan matsalolin da sabon mai amfani da irin wannan lensi yake cin karo da su daga nan suke tasowa, domin ayyuka biyu da kyamara ta saba yi cikin ƙiftawar ido, wato saita fokas da tsuke ƙofar haske, sun dawo hannunsa, kuma dole ya yi su bi da bi.

Kafin a kai ga wannan, sai an tabbatar lensin zai zauna daidai. Kowane kamfani yana da tazarar da ya tsayar tsakanin bakin kyamara da fim ko sensa. A nau'in bakin da ake kira Nikon F tazarar milimita 46.5 ce, a M42 da Pentax K kusan 45.5, a Canon EF 44, a Canon FD kuwa 42. Kyamarorin da ba su da madubi tazararsu gajera ce ƙwarai: Nikon Z milimita 16, Sony E 18, Canon RF 20. Aikin adafta shi ne cike giɓin da ke tsakani, shi ya sa mafi yawansu bututun ƙarfe ne kawai, babu gilashi a ciki. Idan tazarar lensin ta fi ta kyamarar tsawo, galibi za a samu adaftar da za ta yi aiki. Idan kuwa ta fi gajarta, kamar ɗora lensin FD a kan kyamarar EF, lensin ba zai kai fokas ga abu mai nisa ba sai an ƙara gilashi a cikin adaftar, kuma wannan gilashin yakan rage kyawun hoto har ya zama ba a ci ribar komai ba.

Da zarar lensi ya zauna, akwai saituna biyu da za a taɓa a cikin kyamara. Na farko shi ne ba ta izinin ɗaukar hoto ko da ba ta ga lensi ba, domin a wurinta bakin nata fanko ne, kuma da yawa daga cikinsu za su ƙi ɗauka har sai an kunna wannan izini. Na biyu ya shafi kyamarorin da sensarsu take motsi don rage girgizar hannu: dole a shigar mata da tsawon lensin da hannu, a kuma sauya lambar duk lokacin da aka sauya lensi. Idan lensin milimita 135 ne alhali an bar saitin a kan 28, gyaran da sensar za ta yi ba zai isa ba, idan kuma aka yi akasin haka sai ta wuce gona da iri ta ƙara wa hoton girgiza. A shigar da lambar da ke rubuce a jikin lensin. Ƙaramar sensa dai tana rage faɗin abin da ake gani, ta yadda lensin 50 a kan APS-C yake nuna abin da 75 zai nuna a kan cikakkiyar sensa, wato mai girman fim na milimita 35, a kan Micro Four Thirds kuma kamar 100, amma tsawon lensin kansa bai canza ba.

Ƙofar haske ita ce inda ake buƙatar natsuwa. Lambobin da ke kan zoben, 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, ana samun su ne ta raba tsawon lensi da faɗin ƙofar, saboda haka lensin milimita 50 a kan f/2 ƙofarsa tana da faɗin milimita 25. Kowane mataki zuwa babbar lamba yana rage haske da rabi, yana kuma ƙara zurfin yankin da zai fito tar a hoto. A kyamarorin fim masu madubi, ƙofar takan zauna a buɗe gaba ɗaya domin mai ɗaukar hoto ya gani sosai, sai a daidai lokacin da aka danna maɓalli wani ɗan ƙarfe a cikin kyamara ya tura na jikin lensin, ƙofar ta tsuke zuwa lambar da aka zaɓa. Adafta ba ta da wannan motsi. Don haka kowane irin lensi yana da dabarar da ake bi don ƙofarsa ta riƙa bin zoben kai tsaye.

A lensin M42 akwai ɗan tsinken ƙarfe a baya wanda sai an danna shi ƙofar take tsukewa. Wasu suna da maɓalli mai alamar A da M a gefe, sai a mayar da shi kan M. Waɗanda ba su da maɓallin suna buƙatar adafta mai leɓe a ciki wanda zai danne tsinken dindindin, kuma ya kamata a bincika wannan kafin saye. Adaftar Canon FD takan zo da zobe nata na kanta, wanda ake buɗewa a ɗora lensin sannan a kulle domin ya kama sandar ƙofar. Wanda ya manta da kullewa zai yi ta juya zoben lensin ba tare da haske ya canza ba. Lensin Nikon AI da Pentax K da Minolta MD sun fi sauƙi, domin da zarar sun rabu da kyamararsu ta asali ƙofar tana bin zoben da kanta. Akwai kuma masu zobe biyu, irin su Helios 44-2 na tsohuwar Tarayyar Sobiyet mai tsawon milimita 58: da zobe ɗaya ake zaɓar lambar da za a tsaya, ɗayan kuma yana juyawa sumul tsakanin buɗewa da wannan lambar. A ganina wannan tsari, duk da tsufansa, shi ne ya fi dacewa da aiki a kan adafta, tunda ana iya buɗewa da tsukewa ba tare da ɗauke ido daga kallo ba.

Lensin da ba shi da zoben ƙofa ko kaɗan wani batu ne dabam. Nikon G yana da sanda a baya, don haka adafta mai nata zoben tana iya motsa ta, ko da yake ba za a san ainihin lambar ba. Canon EF kuwa, tun fitowarsa a 1987, lantarki ne yake sarrafa ƙofarsa, saboda haka adafta marar lantarki ba za ta iya motsa ta ba.

Tsarin aikin shi ne a buɗe, a saita fokas, a tsuke, sannan a auna haske. Ana yin fokas da ƙofa a buɗe ne saboda a nan yankin da ke fitowa tar ya fi ƙanƙanta, kuskure kuma ya fi bayyana. A kan f/8 komai yakan yi kamar ya zauna alhali bai zauna ba. Kyamarorin zamani suna da mataimaka biyu. Ɗaya yana zana launi a gefen duk abin da ya yi kaifi, yana da sauri, amma yakan yi karamci fiye da kima, ya shafa launi a kan abin da bai gama zama ba, shi ya sa ya fi kyau a sa shi a mafi ƙarancin ƙarfinsa. Ɗayan yana ƙara girman wani ɓangare na hoton, kuma shi ne abin dogaro idan ana ɗaukar fuska a kan f/1.4 ko f/2, inda ido ɗaya zai iya fitowa ɗayan ya dushe. Yana da kyau a ware masa maɓalli kusa da babban yatsa. Wasu lensuna masu faɗin ƙofa fokas ɗinsu yana ɗan gusawa idan an tsuke su zuwa f/2.8 ko f/4, don haka idan aikin na kusa ne, a sake ƙara girman hoton a duba bayan an tsuke.

Wajen auna haske, yanayin A, wanda Canon ke kira Av, shi ne mafi sauƙi: mutum ya juya zobe, kyamara ta auna abin da ya shigo ta zaɓi saurin shota, wato tsawon lokacin da haske zai faɗa kan sensa. Yanayin M, inda mutum ke saita komai da hannu, shi ma yana aiki. Yanayin S da na P kuwa ba su da amfani sosai a nan, tunda an gina su ne a kan kyamara ta sarrafa ƙofar da kanta. A sa ido a kan saurin shota, kada ya sauka ƙasa da ɗaya bisa tsawon lensin idan ana riƙe da hannu, wato kusan 1/60 ga lensin 50. Kada kuma a ɗauka cewa ƙara tsukewa ƙara kaifi ne har abada. Yawancin tsofaffin lensuna sun fi kyau tsakanin f/5.6 da f/8, daga f/16 kuma hoton yakan fara laushi saboda yadda haske yake bazuwa idan ya ratsa ƙaramin rami.

Idan abin ɗauka yana motsi, babu lokacin bin duk waɗannan matakai, sai a koma ga layukan da ke jikin lensin, masu nuna zurfin yankin da zai fito tar. A lensin milimita 35 a kan cikakkiyar sensa, idan aka sa f/8 aka tsayar da fokas a mita 5, komai daga kusan mita biyu da rabi har iya ganin ido zai fito yadda za a karɓa. An zana waɗannan layuka ne da ma'aunin hoton takarda madaidaici, don haka ga sensa mai yawan fiksel gara a sa zoben a kan f/8 amma a karanta layukan f/5.6.

Masu kyamara mai madubi ta Nikon ko Pentax suna iya ɗora tsofaffin lensunan kamfaninsu ba tare da adafta ba. A Pentax sai a ba da izinin amfani da zoben ƙofa, a koma yanayin M, a danna koren maɓalli, kyamarar ta tsuke ƙofar na ɗan lokaci ta auna. A Nikon, irin su D750 da D850 suna karanta zoben lensin AI idan an shigar musu da tsawonsa da mafi faɗin ƙofarsa, yayin da jerin D3000 da D5000 ba sa auna haske da shi sam. Lensin Nikon da aka ƙera kafin tsarin AI na 1977, wanda ba a yi masa gyara ba, yana iya lanƙwasa ko karya ɗan harshen da ke karanta zoben a bakin kyamara, saboda haka kada a tilasta shi shiga idan ya cije; Nikon Df ta 2013 an yi mata harshen da ake naɗewa musamman domin irin waɗannan lensuna.