Masu auna girgizar gada da gini, don Allah ku daina waɗannan

Wallahi na gaji, duk yaron da aka turo mana koyon aiki nan Garwa sai ya maimaita abin da na gabansa ya yi.

Babban kuskure shi ne ka ga firikans, wato yawan karkarwar gada a daƙiƙa, ya sauka ka ruga kana cewa gada ta tsage. Gaskiya ne in ƙarfin gini ya ragu yawan karkarwarsa a daƙiƙa yana sauka, amma zafi ma yana taɓa shi. Ni ya taɓa ci na. Na auna wata ƙaramar gada da asuba cikin hunturun Janairu, na koma Afrilu da azahar, zafi ya haura 40, kwalta har tana kama takalmi, lamba ta sauka, na rubuta rapo, aka kawo ma'aikata aka fasa kwalta ba a samu komai ba, kwangilar da ke biye ta tafi wurin wani. A Suwizalan an yi ta auna wata gada mai suna Z24 kusan shekara guda kafin a rushe ta a 1998, sauyin yanayi ya motsa firikans ɗinta fiye da ɓarnar da masu bincike suka yi mata da gangan don gwaji. To kai wa ya ce maka awo biyu sun isa? Ni yanzu ƙarfe 6 na safe nake awo, in rubuta zafin iska da na kankare, in babu awon farko na kwatantawa ba na furta kalmar lalacewa.

Na biyu, wurin ɗora akselerometa, na'urar da ke auna girgizar. Kowa tsakiyar gada yake kai ta don can ta fi rawa. Malam, gada tana da salon karkarwa fiye da ɗaya, na biyu a tsakiyar nan tsit yake, ba za ka gan shi ba. Ka ƙara wata a rubu'in tsawon. Kuma ka daina manna ta da salatif kan ƙura, ka goge wurin ka sa gam mai ƙarfi ko ka ɗaure da ƙusa, in ƙarfe ne maganaɗisu.

In ka ga tsini a zanen awo a daidai 50 Hz, wato karkarwa 50 a daƙiƙa, wutar janareta ce, ba gadar ba. Saurin ɗaukar awo, wato sau nawa na'ura ke ɗauka a daƙiƙa, ya ninka firikans ɗin da kake nema sau 2 aƙalla, ni sau 5 nake sawa. Minti biyu ba awo ba ne, ka bari tireloli su wuce su wuce, ni sai na cika minti 20.

Kuma ƙaramar tsaga ba ta cika motsa lamba ba, ƙarfi ya ragu kashi 10 firikans kusan kashi 5 kawai zai sauka. Saboda haka bayan awo nakan sauka ƙarƙashin gadar da tocila da guduma in ƙwanƙwasa kankaren da hannuna.