Yadda Ake Fayyace Taƙaitattun Sunaye a Rubutun Fasaha na Intanet da na Takarda

Ƙa'idar da marubuta suka saba da ita ita ce a kawo cikakken suna a karon farko tare da taƙaitaccensa, daga nan a ci gaba da taƙaitaccen kaɗai, kamar yadda ake rubuta Majalisar Ɗinkin Duniya sau ɗaya sannan a koma ga MDD. Abin da ke da wuya shi ne sanin inda karon farkon yake, domin mai riƙe da littafi yakan faro daga gaba, amma wanda injin bincike ya kawo sai dai ya faɗo tsakiyar bayanin, bai ga shafin da aka yi fayyacewar ba.

Saboda haka a intanet a ɗauki kowane shafi a matsayin mai cin gashin kansa, a maimaita cikakken sunan a farkon zuwansa a kowane shafi. A littafi kuwa ya wadatar a maimaita shi a farkon kowane babi, sannan a tara duka a jeri guda bisa tsarin abacada.

Kafin a kai ga wannan, sai a tantance waɗanda suka cancanci fayyacewa. USB da PDF sun zama sunaye a bakin jama'a, warware su ba ya ƙara wa kowa fahimta. ATM kuwa dole a bayyana shi, domin ga yawancin mutane na'urar cirar kuɗi ce, alhali a littafin injiniyan sadarwa yana nufin wata hanyar aika bayanai. Haka IP, wanda wani zai ɗauka ƙa'idar intanet, lauya kuma ya ɗauka haƙƙin mallakar fasaha. Sunan da zai zo sau ɗaya ko biyu kacal, gara a bar shi cikakke. Idan kuma asalin sunan na wani harshe ne da mai karatu bai ji, taƙaitaccen bayanin aikin abin ya fi jero masa kalmomin asali amfani.

A shafin intanet, alamar da aka tanada a HTML, wato harshen da ake tsara shafukan intanet da shi, ita ce abbr, ana sa cikakken sunan a cikin sifarta ta title. Tsohuwar alamar acronym an daina amfani da ita a HTML5, don haka duk inda aka tarar da ita a tsohon rubutu a sauya ta. Sai dai a nan ne marubuta da yawa suke sakin jiki, suna zaton aiki ya ƙare. Abin da ke cikin title yana fitowa ne idan an ɗora linzamin kwamfuta a kan kalmar. Mai karatu a waya ba shi da linzami, manhajojin da ke karanta wa makafi allo kuma ba duka ne suke furta shi ba. Ƙa'idojin WCAG, na sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da shafukan intanet, a sashe na 3.1.4, sun nemi a samar da hanyar gane ma'anar taƙaitaccen suna, kuma a ganina babu hanyar da ta kai rubuta shi a fili cikin jimla, alamar abbr ta zama ƙari.

Takarda ma ba ta nuna title. Idan ana sa ran za a buga shafin, a rubuta umarni da CSS, harshen da ke tsara kamannin shafi, ƙarƙashin @media print, wato sashen da ke aiki lokacin bugawa, wanda zai fito da abin da ke cikin title bayan kalmar ta hanyar ::after, mai ƙara rubutu a bayan kalma. A kula, umarnin zai warware kowace abbr da ya samu, ko da ta zo sau ashirin, don haka a keɓe shi ga ta farko kawai.

Masu tsara littafi da LaTeX, manhajar shirya rubutu don bugawa, sun sami sauƙi. A kunshin umarninta mai suna glossaries ana bayyana sunan sau ɗaya da \newacronym, umarnin \gls ya kawo shi cikakke a karon farko, a taƙaice bayan haka, \glsresetall kuma ya maido da lissafin farko a sabon babi. Idan rubutu ɗaya ne zai fita a intanet da takarda, a ajiye jerin sunayen a fayil guda da ɓangarorin biyu za su ɗebo daga ciki, don kada a gyara ma'ana a shafi a manta da ita a littafi.