Kurakuran da Ke Kashe Littafin Hausa Kafin Ya Isa Hannun Mai Karatu

Marubuci ya kammala shafin ƙarshe da daddare, gari na wayewa ya tura wa mai ɗab'i, ko ya watsa a zauren WhatsApp. Wannan gaggawar ita ce uwar kurakurai, kuma yawancin abin da za a ambata a nan 'ya'yanta ne. Rubutun farko ɗanye ne ko da wa ya yi shi. Idon da ya rubuta jimla ba ya ganin aibinta a ranar, domin abin da ke cikin kansa yake karantawa, ba abin da ke kan takarda ba.

Maganin yana da arha. A ajiye rubutun mako biyu zuwa huɗu ba tare da an leƙa shi ba, sannan a dawo a yi masa karatu uku, kowanne da aikinsa. Na farko don labarin kansa: ina ya yi rauni, wane babi ne za a cire ba tare da an rasa komai ba. Na biyu don jimloli, kuma wannan da babbar murya ake yin sa, saboda duk inda harshe ya yi tuntuɓe akwai gyara a wurin. Na uku don ƙa'idojin rubutu kaɗai, a kan takarda da jan biro, don allon waya yana ɓoye kuskure. Bayan haka a ba mutum biyu su karanta. Kada a zaɓi aminiya ko ƙanen da zai ce "Masha Allah, ya yi daɗi" ya dawo da shi. A nemi mai iya cewa "daga shafi na 40 na fara gajiya", a kuma tambaye shi dalili.

Ƙa'idojin rubutu

A nan ne aka fi yin ɓarna, kuma a nan ne gyara ya fi sauƙi. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ, ba ado ba ne. Kafa daban, ƙafa daban. Fada gidan sarki ne, faɗa kuwa rigima. Wanda ya rubuta "baki sun zo" alhali baƙi yake nufi ya bar wa mai karatu aikin da shi ya kamata ya yi. A da ana kafa hujja da cewa na'ura ba ta da haruffan, yanzu kuwa Gboard, manhajar buga rubutu a waya, na da Hausa, kuma a kwamfuta ana iya saka su. A Nijeriya 'y ake rubutawa, kamar a 'ya'ya, a Nijar kuwa ƴ. Ko wanne aka ɗauka, a tsaya a kansa daga bango zuwa bango.

Sai rabawa da haɗe kalmomi. "Yace", "tace", "shine", "zata", "bata" sun cika littattafai har wasu sun ɗauka haka ake rubuta su. Daidai shi ne ya ce, ta ce, shi ne, za ta, ba ta. Ga kuma kishiyar wannan, inda ake raba abin da ya kamata a haɗe: gidansu, motarta, littafinsa, yana, yake, yakan, duk a haɗe suke. Wakilin sunan da aikin ya faɗa a kansa ana raba shi da aikatau: ya kama ta, ya ba shi, ta gan su. Dubi yadda tazara ɗaya ke juya ma'ana tsakanin "ya kama ta" da "ya kamata", ko tsakanin "akan yi" da "a kan tebur". Hanya mafi sauri ita ce a buɗe wurin neman kalma a Word a bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Kada a danna maɓallin da ke canza duka lokaci guda, domin "mata" da "zata" da "bata" na iya zama daidai a wani wurin, sai a gyara ɗaya a ɓata goma.

Karin harshe ba laifi ba ne a bakin taurari. Basakkwace ya yi Sakkwatancinsa, Bazazzagiya ta yi nata. Amma muryar mai ba da labari ta tsaya a kan daidaitacciyar Hausa. Turancin da ake cusa wa taurari don a nuna 'yan boko ne, kalma ɗaya ko biyu sun isa su nuna hakan. Idan ya zama rabin zance, an kori uwar gidan da ta sayi littafin saboda Hausa ta iya.

Labarin kansa

Wasu sai su ƙarar da shafi biyar na farko wajen siffanta gashin yarinya, dogon hancinta, katafaren gidan mahaifinta da jerin motocinsa, alhali ba abin da ya faru tukuna. Mai karatu ya ga wannan yarinyar a littafi ɗari. A fara daga inda matsala ta taso, a bar siffa ta riƙa fitowa kaɗan-kaɗan cikin aiki. Gwaji mai kyau shi ne a cire babin farko gaba ɗaya a karanta daga na biyu. Idan labarin bai rasa komai ba, to dama daga nan ya fara.

Rikicewar lissafi ma tana zubar da mutuncin littafi fiye da yadda marubuta suke zato. Yaron da aka ce shekararsa bakwai a babi na uku ya zama ɗan goma sha biyar bayan shekara huɗu. Ƙanwar uwa ta koma gwaggo a tsakiyar labari. Mace ta fita takaba bayan kwana arba'in ta yi aure, alhali iddar mamaci wata huɗu ce da kwana goma, mai ciki kuma sai ta haihu. An yi ruwan sama da hunturu. An bar Kano an isa Kaduna cikin minti arba'in, tafiyar da ta haura kilomita 200. An zaunar da ayarin masu taya alƙali yanke hukunci irin na finafinan Amurka a kotun Nijeriya, inda babu wannan tsarin. Duk waɗannan takarda biyu ke maganinsu. Ɗaya ta taurari: suna, shekarar haihuwa, dangantaka, sana'a, da yadda kowa yake kiran kowa, Yaya ne ko Kawu ko Baffa. Ɗaya ta lokaci: kowane babi da watansa da shekararsa. Abin da ya shafi asibiti, kotu, gado ko hukuncin aure kuwa a kai wa ma'aikacin jinya, lauya ko malami ya duba shafukan. Rabin awa ya ishe shi, kuma mutane da yawa daga littafi suke ɗaukar abin da suke zaton hukunci ne.

Wani kuskuren sabon zamani shi ne fara sakin labari shafi-shafi a WhatsApp ko dandalin labarai na Wattpad kafin a san ƙarshensa. Masu karatu su ce a kashe kishiya, a kashe ta. Su ce a dawo da tsohon saurayi, a dawo da shi. Kafin a ankara labarin ya zama na jama'a, marubuciya ta koma mai bi. Ba a hana sakin labari a hankali ba, amma a rubuta aƙalla kashi biyu cikin uku tukuna, a kuma rubuta ƙarshen a ajiye. Haka nan jan labari zuwa littafi na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu don kawai a ninka ciniki. Littattafan da suka fito daga gasar rubuta labaran Hausa da Baturen jami'in ilimi Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ƙanana ne, ana gama kowanne a zama ɗaya ko biyu, ga shi har yau ana karanta su a makarantu. Idan labari ya ƙare a shafi 120, a bar shi a nan.

A maɗaba'a

Kada a miƙa wa mai ɗab'i fayil ɗin Word a tafi. Idan kwamfutarsa ba ta da salon haruffan (font) da aka yi amfani da shi, ƙ da ɗ da ɓ za su koma akwatuna ko alamar tambaya, shafuka kuma su zame. A zaɓi salon da ke ɗauke da haruffan Hausa, irin su Charis SIL, a mayar da aikin fayil ɗin PDF tare da salon haruffan a cikinsa, a buɗe shi a wata na'urar a tabbatar. Girman da aka saba shi ne A5, milimita 148 da 210, wanda ke ɗaukar kalmomi kusan 250 a shafi idan girman harafi 12 ne. Kenan labari mai kalmomi 30,000 zai ba da shafi 120 ko kusa da haka. Injin ɗab'i kuwa yana buga shafi 8 ko 16 a falle ɗaya ne a naɗe, saboda haka a tambayi mai injin nawa nasa ke ɗauka a daidaita adadin. Littafi mai shafi 130 yana jawo kuɗin ƙarin falle saboda shafi biyu kacal, alhali ɗan matse rubutu zai mayar da shi 128.

Gefen ciki, inda za a ɗinke ko a manne, a ba shi fili fiye da na waje, in ba haka ba rubutu ya shige cikin ɗauri. Hoton bango ya kai 300 dpi, wato ma'aunin kaifin hoto, a tsarin launin ɗab'i na CMYK, da rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. Hoton da aka kwafo daga Facebook yana kyau a waya, a takarda sai ya dushe, ban da cewa hoton wani ne da ba a nemi izininsa ba. Kuma kada a yarda a buga ɗaruruwa sai an ga kwafin gwaji guda ɗaya an karanta shi daga farko har ƙarshe.

Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Nijeriya daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samun ta. Ba a ƙirƙirar ta, ba a kuma ɗauko ta tsohon littafi a manna wa sabo. Doka ta ce mai bugawa mai zaman kansa ya kai kwafi uku can a ajiye. Wanda zai buga ko ya sayar a Kano ya tuna aikin Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar ya shafi littattafai, ya je ya ji sharuɗɗan da ke aiki kafin ya kashe kuɗinsa.

Kuɗi da haƙƙi

Da yawa suna sa farashi ta hanyar duba na maƙwabci. A yi lissafi. A ce an buga kwafi 500 a kan naira 300,000, kowanne ya tsaya 600. Idan aka sa farashi 1,000, mai shago ya cire kashi 30 cikin ɗari, 700 ce ke dawowa, sai an sayar da kwafi 429 kafin uwar kuɗi ta fito. A farashin 1,500 kuwa kwafi 286 sun isa. Wannan lissafin ne zai nuna ko a buga 500, ko a fara da 100 a injin dijital a ga yadda kasuwa za ta karɓa. Littafin da aka bar wa mai shago kuma a rubuta adadinsa, farashi, kason kowa da ranar lissafi, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi. Amana ba ta hana rubutu.

Haƙƙin mallaka yana hawa kan aiki tun daga lokacin da aka rubuta shi, kuma a ƙarƙashin dokar Nijeriya ta 2022 yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Wannan gado ne na 'ya'ya, amma sai a sayar da shi da baki a kan kuɗin cefane. Mai shirya fim, gidan rediyo, ko mai karanta littattafai a YouTube, duk wanda ya zo a rubuta da shi: wane haƙƙi aka ba shi, na fim kaɗai ko har da sauti, na shekara nawa, nawa zai biya, kuma dole sunan marubuci ya fito. A guji kalmar "na sayar" in dai aro ake nufi. Yin rajistar aikin a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ba shi ke samar da haƙƙin ba, amma yana zama shaida ranar da rigima ta tashi.

Kada a bar littafi a wuri ɗaya tak. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, dandali ma yana rufewa, kamar yadda OkadaBooks, dandalin sayar da littattafai ta intanet, ya rufe a ƙarshen 2023 bayan marubutan Hausa da dama sun zuba ayyukansu a can. Duk ranar da aka kammala babi a tura wa kai ta imel, a sa wani kwafin a filashi, a rubuta kwanan wata a sunan fayil ɗin don kada tsohon rubutu ya tafi maɗaba'a a maimakon wanda aka gyara.