Yadda Ake Karanta Gida da Idon Tsoho

Na daɗe ina koyar da zanen gine-gine a jami'a, bincikena kuwa a kan tarihin gidajen zama ne, da yadda za a gina gida ya ci gaba da karɓar mai shi idan ƙarfi ya ja baya. Duk ɗalibin da ya zo mini da sha'awar wannan fanni, nakan ce masa ya bar tef ɗin awo a aljihu tukuna.

Fara da neman izini. Ka ce, "Baba, don Allah nuna mini yadda kake tashi daga gado ka je banɗaki da dare." Sai ka bi shi a baya, ka ja bakinka. Dubi bango da kyau: inda fenti ya yi duhu saboda shafar tafin hannu, nan yake dafawa kullum, nan ya kamata a kafa mariƙi. Na taɓa ganin wata dattijuwa tana kama labule duk lokacin da za ta tsallake dokin ƙofar da bai fi santimita 4 ba. A zanen gidan ko alamarsa babu, amma shi ne fargabarta kowane dare. Ba ƙaramin abu ba ne, domin rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007 ya nuna kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa duk shekara.

Yanzu fito da tef. Keken guragu na bukatar fili mai faɗin santimita 150 kafin ya juya. Ƙofa kada sararinta ya gaza santimita 81. Gangara kuwa, duk tudun santimita 1 a ba shi tsawon santimita 12, kamar yadda ƙa'idar Amurka ta tanada. Ka shafa tayil ɗin banɗaki da jiƙaƙƙen hannu ka ji santsinsa.

Bayan haka ka nemi ainihin zanen gidan, ka gwada shi da abin da ke tsaye yau. Nan ne aikin ya fi yi mini daɗi. Ɗakin da aka sauko da shi ƙasa, matakalar da aka daina hawa, duk shaida ce ta inda mai zane ya yi kuskure. Ka kuma karanta magabata. Selwyn Goldsmith na Ingila, wanda ya fitar da littafinsa kan gini domin naƙasassu a 1963, da Ron Mace na Amurka, da ya jagoranci tsara ƙa'idoji 7 na zanen da zai dace da kowa a 1997, dukansu shan inna ya taɓa su. Da jikinsu suka san ciwon matakala.

Kada ka rubuta rahoto daga ziyarar rana kaɗai. Koma bayan duhu ya shiga, ka ga ko hannun Baba yana kai wa makunnin fitila daga kan gado.